Mutum Bakwai, Kujera Shida

Kujeru shida ne a ɗakinmu, mu kuwa mu bakwai ne. Ba mantuwa aka yi ba. Koci Mabry ne ya sa aka fitar da ta bakwai tun ranar da muka shiga sansanin horo, wai don kowa ya riƙa gani da idonsa kullum safe. Kulob ba ya riƙe fiye da mutum hamsin da uku idan kakar wasa ta fara, a cikinsu kuma rabon ɗakinmu shida ne. Ranar Talatar ƙarshen Agusta, ƙarfe huɗu na yamma, dole ɗayanmu ya ɗauki jakarsa.

Ƙwallon Amurka muke bugawa, irin wadda ake rungumar ƙwallo a gudu da ita. Mu ne lainbaka, 'yan bayan layi. Ƙattan tsaro suna gaba suna kokawa, mu muna bayansu da taku huɗu, aikinmu mu gane ta inda mai ƙwallo zai ɓullo mu je mu kayar da shi. Wanda bai samu kujera ba, a kan kular ruwan sanyi yake zama, a gefen ƙofa. Biyar daga cikinmu ba su taɓa jin sanyin murfin kular nan ba. Ni da Malakai Fonoti muke karɓa-karɓa. Wanda ya fi yin kyau a atisayen jiya ya hau kujera, ɗayan ya hau kula.

Abin da ya rikita lissafin shi ne babu na yarwa a cikinmu. Koci Mabry da bakinsa ya faɗa, yana dafe da kai.

"Shekara ashirin ina roƙon Allah ya ba ni huɗu nagari a lokaci guda," ya ce. "Bana ya tashi ya ba ni bakwai. Ku ce in yi yaya da ku? In soya ɗaya in cinye?"

"Soya Tarwaɗa, Koci," in ji Lucius Batiste. "Shi ne ya fi dacewa da mai."

Ni ne Tarwaɗa. Sunana Ozell, amma tun da Lucius ya ji daga Belzoni nake, garin masu kiwon tarwaɗa, kuma a tafkunan kifin kawuna na tashi, ba wanda ya ƙara kirana da sunan da aka raɗa mini. Lucius shi ne babbanmu, shekararsa goma sha ɗaya a kulob ɗin, mutumin New Orleans, gwiwoyinsa suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Tsoho muke ce masa.

Ni ban yi nisa a makaranta ba. Da tsarana suke jami'a ana nuna su a talabijin, ina cikin ruwa har ƙirji ina jan raga, ranar Asabar kuma in buga wa ƙananan kulob a garuruwan da ba wanda ya san sunansu. Wannan ne zuwana na uku sansanin manya. Sau biyu aka sallame ni. Na yi wa kakata Earline alkawari, in bana ma ba ta yiwu ba, zan koma tafki in zauna, in daina wahalar da ƙasusuwana. Ita ba ta tilasta mini ba. Ni na faɗa, kuma ta san ba na faɗar abu in canza.

Malakai kuwa ɗakin kwananmu ɗaya da shi. Yaro ne ɗan shekara ashirin da biyu, iyayensa mutanen tsibirin Tonga, gudu kamar barewa, ci kamar mutum uku. Matarsa tana da cikin fari. Na yi iya ƙoƙarina in ji haushinsa, abin ya ƙi.

"Tarwaɗa," yakan ce, "in suka kore ka, ka bar mini fankar nan taka."

"In kai suka kora fa?"

"Sai in tafi da ita. Ai ka ga ko ta yaya tawa ce."

Wata safiya, saura kwana takwas, ina kan kula, Koci Mabry ya tsayar da hoton wasanmu na gwaji a kan allo. Ya nuna da sandarsa.

"Tarwaɗa, wane ne wannan?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Me ka yi wa ƙaton nan da ya zo tare ka?"

"Na mayar da shi baya, yallaɓai."

"Taku nawa?"

"Kamar uku."

"Huɗu. Mutumin ya fi ka nauyi da buhun abincin kifi guda, ka tura shi taku huɗu. Madalla. To mai ƙwallon fa, ina yake?"

Na duba. Mai ƙwallon ya riga ya wuce ta gefena, Malakai ne ya kamo shi daga baya.

Koci ya matsa hoton gaba kaɗan. "Nan kuma me kake yi?"

"Ina ɗaga shi, yallaɓai."

"Wa kake ɗagawa?"

"Ƙaton da na kayar."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Tsoho har da buga tebur.

"Ka tambaye shi ya gida ya iyali?" in ji shi.

Koci bai yi dariya ba, amma kuma bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, duk ƙasar nan ban ga wanda ya fi ka iya karo da wanda ya zo karo ba. Amma wanda yake gudun ransa da ƙwallo, kamar tausayinsa kake ji. Taku ɗaya kake makara. Taku ɗaya tak."

Na san gaskiya ya faɗa. Na kuma san abin da taku ɗayan nan yake nufi ranar Talata.

Ranar Litinin ce, kuma duk Litinin Tsoho ba ya cin komai sai shinkafa da jan wake, yadda ake yi a garinsu. Ya sa masu dafa abinci sun saba. Ya kira mu duka shida teburinsa da rana, ya sa kowa ya ɗebo, har wanda ba ya so.

"Kun ga wasan Juma'a," ya ce. "Sau nawa 'yan harinmu suka kai bakin layin ƙarshe, saura yadi ɗaya?"

"Sau uku," in ji Malakai da baki cike.

"Sau nawa suka shiga suka ci maki?"

"Ko ɗaya."

"Don me?"

Kowa ya san dalili. Mai gudu da ƙwallo yana bukatar wani a gabansa ya share masa hanya, fulbak ke nan, kuma kulob ɗinmu ba shi da ko ɗaya. Wani dogo mai suna Brandt suke sakawa, yaro mai hannu kamar danƙo wajen cafke ƙwallo, amma in ya ga lainbaka ya taho sai ya rufe ido.

Tsoho ya nuna ni da cokali. "Sayar da kai za mu yi."

"Ga wa?"

"Ga masu fararen riguna."

Sai da na ajiye cokalina. A wajen atisaye 'yan tsaro baƙar riga muke sawa, 'yan hari fara. Ɗakinsu yana tsallaken baranda, taku goma sha biyu daga namu, amma ban taɓa ganin ɗan ɗakinmu ya taka can ba sai in tsokana ta kai shi. Muna ce musu 'yan gayu, suna ce mana marasa karatu.

"Haba Tsoho," na ce. "Ni ban taɓa riƙe ƙwallo in gudu ba."

"Wa ya ce za a ba ka ƙwallo? Sun haukace? Gaba za ka shiga, ka nemo mutum irinmu, ka kawar da shi daga hanya. Gaya mini, a duniyar nan wa ya fi ka sanin ramin da lainbaka zai bi?"

Na sake ɗaukar cokalina.

"In sun karɓe ka, a lissafinsu za ka shiga, ba a namu ba. Mu shida, kai ɗaya, ba wanda ya tafi gida." Ya juya ga Malakai. "Kai kuma rufe bakinka in kana tauna, ana maganar rayuwar mutane."

Da yamma Tsoho ya kai wa Koci Mabry maganar, Koci Mabry ya tsallaka baranda ya kai wa Koci Sorensen, shugaban 'yan hari. Sorensen mutum ne siriri mai tabarau, ba ya son a taɓa masa tsarinsa. Ya dube ni daga sama har ƙasa kamar wanda aka kawo wa tsohuwar mota.

"Zai iya haddace dabarun wasa shida?"

"Zan iya, yallaɓai."

"Ba da kai nake ba." Ya juya ga Mabry. "Zuwa Juma'a. In bai yi mini ba, ka zo ka ɗauki kayanka."

Ya ba ni takardu shida da farar riga. Da na sa ta washegari na fito fili, 'yan ɗakinmu suka cire hulunan kwanonsu suka riƙe a ƙirji, kai a sunkuye, kamar gawa ce ke wucewa.

Wanda zan share wa hanya Renard Coley ne, gajere, baki ba ya hutawa. Ya zagaya ni sau biyu.

"Wannan ne garkuwar tawa? To ai shi ke nan. Ɗan'uwa, abu ɗaya za ka riƙe. Fuskar nan tawa, akwai mata uku da suke addu'a a kanta, uwata da ƙannenta biyu. Kada kowa ya taɓa ta."

Aka jera. Na durƙusa a bayan mai jefa ƙwallo, Renard yana bayana. Abin ya yi mini wani iri, ganin 'yan'uwana ta gaba, ido cikin ido. Aka kira dabarar da za a yi, ƙwallo ta motsa, na nufi ramin da ke tsakanin ƙattai biyu na dama. Na san Malakai ne zai cika shi, don da ni ne ma nan zan bi. Muka haɗu, hula da kafaɗa, na ɗauke shi na kawar gefe. Hanya ta buɗe, motar ɗaukar kifi ma za ta wuce.

Sai na ga mutum ta gefen idona, rungume da ƙwallo, yana neman wuce ni.

Ban yi tunani ba. Shekara goma sha biyu jikina yana yin abu ɗaya in ya ga haka. Na saki Malakai, na rungumo ƙugun mai ƙwallon, na ɗaga shi na maka da ƙasa. Kamu ne mai kyau ƙwarai, irin wanda Koci Mabry ya daɗe yana nema a wajena. Ban makara ko rabin taku ba.

Filin ya yi tsit. Daga ƙarƙashina wata murya ta fito.

"Fara!" in ji Renard. "Fara ce, bawan Allah! Duba rigata, duba taka! Gidanmu ɗaya!"

Baƙaƙen riguna suka zube ƙasa don dariya. Tsoho ya kwanta rigingine yana shure-shure. Malakai ya zo ya ɗaga hannuna sama kamar na ci dambe. Na miƙar da Renard, na kakkaɓe masa ciyawa, ina ta ba shi haƙuri.

"Kar ka kakkaɓe ni! Ka bar shaida, uwata ta gani!"

Koci Sorensen ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya matso kusa, murya ƙasa-ƙasa.

"Buɗe hanyar ta yi kyau," ya ce. "In ka ƙara yi mini na biyun, ko a mafarki ne, ka koma kan kularka."

Da na fito daga wanka na kira Kaka Earline, na ba ta labari. Ta yi dariya har sai da ta ajiye waya ta sha ruwa.

"To ɗan lele, yanzu me ke damunka?"

"Kaka, jikina ba ya jin maganata. Da na ga ƙwallo sai in kama."

"Ka tuna karen gidan maƙwabcinmu Pruitt? Lokacin da kake raka Odessa makaranta?"

Na tuna. Ƙanwata tana aji ɗaya, karen nan baƙi yana fitowa daga ƙarƙashin baranda kullum safe.

"A ina kake tafiya?"

"A gaba, ita tana riƙe da bayan rigata."

"Kana waiwayowa ka dube ta?"

"A'a. Karen nake kallo."

"Ka taɓa kayar da ita?"

"Haba Kaka."

"To. Ka ci abinci?"

Washegari na gaya wa Renard. Ya ce shi ba Odessa ba ne, kuma ba zai riƙe rigar kowa ba. Amma ya kawo tasa dabarar. Duk sanda zai wuce ta gefena sai ya ƙwala ihu, "Ni ne, Tarwaɗa!" Tun ana dariya har aka saba.

Kwana uku a jere, bayan an tashi atisaye kowa ya gudu inuwa, 'yan ɗakinmu shida suka tsaya da ni a cikin ranar nan ta Agusta. Kowa ya buɗe mini sirrinsa, abin da ko junanmu ba ma cika gaya wa. Tsoho ya ce shi yatsun fulbak yake kallo. In ya danna su ƙasa da nauyi, gaba zai taho, in ya ɗora su sama-sama, gefe zai bi.

"Naka kuwa jarida ce," ya ce. "Daga filin ajiye motoci ina karanta ta. Dafa su iri ɗaya kullum."

Wani ya ce shi ido yake bi, don sabon fulbak ba ya iya hana kansa satar kallon ramin da zai shiga. Malakai ya ce shi ba ya kallon komai, gudu kawai yake yi, amma ya yarda in yi ta karo da shi har sai na gaji. Sau arba'in muka haɗu ranar Alhamis. Da muka koma ɗaki ya kwanta da ƙanƙara a kafaɗu biyu.

"Fankar nan," ya ce, "na saye ta da jinina."

Juma'a ta zo, wasan gwaji na ƙarshe, a filinmu, rana ba ta faɗi ba tukuna. Rabin farko ban taka fili ba sai wajen bugun farawa. Ina tsaye a gefe da lamba arba'in da huɗu, wadda aka ba ni aro, ina kallon Malakai yana kamun mutane kamar kaji. Na ji daɗi. Kujera ta shida ta zama tasa, kowa ya gani. Ni abin da ya rage mini takardu shida ne.

A kashi na uku muka kai bakin layi, saura yadi ɗaya. Koci Sorensen ya waiwayo.

"Arba'in da huɗu."

Na shiga. Na durƙusa, na dafa yatsuna yadda Tsoho ya koya mini, na zuba ido a kan ciyawa. Amma na riga na ga lainbakansu, mai lamba hamsin da huɗu, na ga yadda ya ɗan karkata ƙafar hagu. Na san shi kamar na san kaina. Na san abin da kocinsa ya gaya masa da safe, na san tsoronsa, watakila shi ma a kan wata kula yake zama a garinsu. Ƙwallo ta motsa. Muka nufi rami ɗaya, na riga shi da taku guda. Na ji ƙarar haɗuwarmu a haƙorana, na ci gaba da tura ƙafa.

"Ni ne, Tarwaɗa! Ni ne! Ni ne!"

Wani abu ya gifta ta gefena. Hannuwana suka motsa, na ƙanƙame rigar hamsin da huɗu ta ƙirji na ce musu ku zauna nan. Filin ya ɗauki ihu. Renard ya shiga.

Ya dawo da gudu ya ɗare bayana. "Ba ka kama ni ba! Jama'a, bai kama ni ba!"

Na miƙa wa hamsin da huɗu hannu ya tashi. Ya dube ni da mamaki, ya ce na gode.

Na ɗauka shi ke nan abin da zan nuna. Ashe da saura. A kashi na huɗu aka sake saka ni, wannan karon jifa za a yi, ni aikina in tsare mai jefawa. Ya jefa, wani ɗan bayansu ya yi tsalle ya cafke a tsakiyar fili, ya juyo da gudu ya nufi gidanmu. 'Yan hari ba su iya wannan ba. Ƙattanmu suka bi shi a baya kamar shanu sun bi keke, kowa yana nufar inda yake. Mu kuwa tun muna yara aka koya mana ba inda mutum yake ake nufa ba, inda zai kai ake nufa. Na yanke fili a karkace, ban ko dube shi sosai ba, na nufi kusurwa. Muka haɗu saura yadi biyar. Rigarsa ba irin tawa ba ce, na tabbata sau biyu kafin in rungume shi.

'Yan tsaronmu suka shigo mu muna fita. Tsoho ba ya buga wasan gwaji, amma ya tare ni a bakin layi ya bugi hulata.

"Ashe ba ka manta gida ba."

Malakai da sauran suka tsare yadi biyar ɗin nan sau uku, abokan hamayya suka ƙare da bugun ƙafa mai maki uku kacal. Na saci kallon Koci Sorensen. Yana rubutu a takardarsa, fuskarsa ba ta ce komai ba.

Ranar Talata ba atisaye. Akwai wani dattijo a kulob ɗin, Mista Alvin, mutumin kirki, yana tambayar lafiyar iyayen kowa. Amma a wannan ranar ba wanda yake son ganinsa, don shi ake aikowa. Zai dafa kafaɗarka ya ce koci yana nemanka, ka taho da littafinka na dabarun wasa. Sau biyu na taɓa jin wannan maganar a wasu garuruwa, daga bakin wasu dattawan.

Tun sha biyu muka taru a ɗakinmu mu bakwai, ba wanda ya kira taro. Ina kan kula, littafin tsaro a cinyata, takardun nan shida a ciki. Tsoho ya kawo karta, aka raba, ba wanda ya san abin da ke hannunsa. Duk sanda takalmi ya yi ƙara a baranda sai mu yi shiru.

Ƙarfe uku da kwata Mista Alvin ya tsaya a ƙofarmu. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Lucius, ya jikin mahaifiyarka?"

"Da sauƙi, Mista Alvin. Don Allah ka wuce."

Ya wuce. Muka ji ya ƙwanƙwasa ƙofar tsallaken baranda. Da ya fito, Brandt ne a bayansa, dogon nan, riƙe da littafinsa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na jira shi a ɗakin canza kaya, na taya shi zuba takalma a jaka, na ɗauki ɗaya muka fita wajen motarsa.

"Brandt, ni dai..."

"Bari," ya ce. "Ni na tsani aikin nan, kowa ya sani. Ƙwallo nake son cafkewa. Kai dai ka kula da ɗan surutun nan." Ya ba ni hannu. Bayan sati uku na ji wani kulob a arewa ya ɗauke shi, inda ake yawan jifa. Ranar na ci abinci da daɗi.

Da na dawo, huɗu ta wuce da minti biyu. Koci Mabry yana tsaye gaban allo ya rubuta sunaye shida, na Malakai a ƙarshe. Babu nawa.

"Tarwaɗa," ya ce, "ba ka cikin ɗakin nan."

"Na gani, yallaɓai."

"Sorensen ya ce mutumin da zai buɗe masa yadi ɗaya, ya kuma gyara masa ɓarna in yaransa sun zubar da ƙwallo, ba zai bar wa wani kulob shi ba. Ya ce in gaya maka littafinsa shafi ɗari uku ne, ba shida ba." Na miƙa masa littafin tsaro, ya ture hannuna. "Riƙe. In ɗayan waɗannan ya ji ciwo, wa kake tsammani zan kira? Laraba da safe kana nan wajena, sauran kwanaki ka je can ka koyi gayu."

Malakai ne ya fara ihu. Ya ɗaga ni sama, ni da nake da nauyin ɗan maraƙi, yana kuka yana dariya. Tsoho kuwa ya buɗe jakarsa ya fito da wata 'yar lema mai geza, irin wadda suke rawa da ita a titunan garinsu in an dawo daga binne babban mutum. Ashe tun safe tana ciki.

"Da an kore ka ma da ita za mu raka ka mota," ya ce. "Ku jeru! Ku fito da tawul!"

Taku goma sha biyu ne tsakanin ƙofofin nan, amma sai da muka yi minti goma. Tsoho a gaba yana juya lema, gwiwoyinsa suna ba da kiɗa, sauran suna kaɗa fararen tawul suna busa da baki kamar ƙaho. Biyu suka ɗauko ni a kan kular. Masu dafa abinci suka leƙo, Mista Alvin ma ya tsaya yana tafi. Renard ya buɗe ƙofarsu ya riƙe ƙugu.

"Me kuka kawo mana?"

"Kifi," in ji Tsoho. "Ɗanye ne, ku bi shi a hankali. In ya ƙara kayar da kai, ka kawo mana hoton."

A ɗakin 'yan hari akwai kujera tana jirana, mai taushi, har da wajen ɗora hannu. Na ce a bar mini kulata. Tsoho ya ce ina, wannan kayan ɗakinmu ne. Ya sa aka mayar da ita gefen ƙofa inda take, ya manna farin salatif a murfin, ya rubuta sunana da babban baƙi. Ozell ya rubuta. Ban san ya riƙe sunan ba.

Da na samu kaina na fita bayan gini na kira Kaka.

"Kaka, ki gaya wa Kawu ya nemi wani mai jan raga."

Na ji tana jan hanci. Can ta ce, "Mutum nawa ne ku a wajen?"

"Hamsin da uku."

"Da masu horar da ku?"

"Za su kai saba'in."

"To bari in sa a kamo kifi tun Alhamis, a soya a kawo muku. Ka tambayi yaron nan na Tonga ko guda nawa yake ci, kada in ji kunya."